Ƙarin Sifirin Ba Ƙarin Birki Ba Ne

Mu mutanen Briqueterie ba mu iya barin abu yadda muka saye shi. Telolinmu sun yi suna a Yawunde kaf, kuma irin wannan hannu muke kai wa motocinmu: a manna baƙar leda a gilashi, a ƙara fitilu masu kashe ido, a ɗaura ƙaho mai tada unguwa. Wannan duk ado ne. Gyaran da ya fi ba mu tsoro shi ne wanda ake yi a ƙarƙashin mota, domin ta ɗauki abin da ba a ƙera ta dominsa ba.

Ku dubi tsofaffin Toyota masu jigila tsakanin birni da ƙauyuka, waɗanda ake kira opep. Ana canza musu sifirin da mai ƙarfi, a ɗaga bayansu, a loda buhuna har rufi, a cusa mutum biyu a kujerar gaba. Mai mota ya ga bayanta ya daina durƙusawa sai ya ce ta yi ƙarfi. Amma birkin nan shi ne na jiya, wanda maƙera suka auna wa mutum biyar da 'yan jakunkunansu. Ga shi kuma garin da muke ciki kan tuddai yake. A doguwar gangara birki yakan yi zafi, man birki ya tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse babu abin da ya kama. Motar da aka ɗaga kuwa nauyinta ya koma sama, kwanar da take sha lafiya a da ita ce za ta kifar da ita.

Ƙasar nan ta ga wannan darasi da girmansa. Ranar 21 ga Oktoba 2016, da hanyar Yawunde zuwa Duwala ta yanke, aka ƙara wa jirgin ƙasa tarago takwas. Ya kauce a Eseka, gwamnati ta ƙirga gawa 79, kuma bincikenta ya ambaci gudu da lodi da matsalar birki. Abin da aka yi wa jirgin nan muke yi wa mota a gareji, sai dai namu matattun ɗai-ɗai ake ɗauka.

Doka ba ta bar abin a duhu ba. Takardar mota, wato carte grise, tana ɗauke da lambar shasi, ƙarfin inji, irin mai da yawan kujeru. Wanda ya sauya inji ko ya yi waldar ƙarin kujera bai sanar da ma'aikatar sufuri ba, yana tuƙa mota ɗaya da takardar wata. Haka dokar inshora ta CIMA, wadda a nan Yawunde aka sa hannu kan yarjejeniyarta a 1992, ta wajabta sanar da kamfani duk canjin da ya ƙara haɗari. In aka ɓoye, ranar da tsautsayi ya faɗa kamfanin ya sami abin kamawa. Binciken lafiyar mota, visite technique, an yi shi ne don kama irin wannan. Wanda ya nemi takardar ta bayan fage, iyalinsa ya cuta, don su za su shiga motar.

Muna yawan kukan cewa ana tsananta mana a shingen 'yan sanda da jandarmomi saboda suna ko sutura, kuma kukan ba duka ne ƙarya ba. To amma baƙin gilashi marar izini hujja ce muka miƙa da hannunmu. Wanda takardunsa suka yi daidai da motarsa shi ne yake da bakin magana.

Ba mu ce a daina ado ba. Mai son fitila ya sa, amma ya tsaya a kan makanike har ya ga an sa mata fiyus, don waya tsirara ita ke cinna wa mota wuta. Mai son ɗaukar kaya ya haɗa kuɗi da ɗan'uwansa su sayi a-kori-kura. Baƙar ledar nan kuwa a ɓare ta daga gilashin gaba da na gefen direba. Lungunanmu matsattsu ne, kuma da magariba, lokacin da yara ke tasowa daga makarantar allo, direban da ke bayan wannan leda ba ya ganin ƙaramin da ya fito daga tsakanin teburan masu tsire.