ZAUREN ANTI: Furen Da Sai Ya Sha Sanyi



Wata ƙanwata 'yar aji shida ta rubuto mini, har ta haɗo da katin da saurayinta ya aiko mata mai hoton wasu jajayen furanni kamar ƙananan kofuna. Wai ya matsa ta bar makaranta a yi biki bana, alhali saura wata bakwai ta zauna jarrabawar fita. To ƙanwata, bari ki ji labarin furen da ke jikin katin naki.

Sunansa tulif. Asalinsa duwatsun tsakiyar Asiya, ya biyo ta Turkiyya ya shiga Turai, a 1593 aka dasa shi a lambun jami'ar Leiden da ke ƙasar Holan. Abin da ake dasawa wani ɗan dunƙule ne, in kin gan shi sai ki rantse albasa ce. Da kaka ake binne shi, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ƙasa ta daskare. A haƙa rami mai zurfin tsawonsa sau uku, a ajiye shi tsininsa na kallon sama, a inda ruwa ba ya kwanciya don kada ya ruɓe, a mayar da ƙasa. Shi ke nan, sai jira.

Wata uku zuwa huɗu zai yi cikin sanyin hunturu, ba ganye ba komai, sai saiwa da yake yi a ɓoye. Abin mamaki, tun ranar da aka binne shi ɗan furen yana nan kwance a cikinsa, amma in bai sha wannan sanyin ba, ko dai ya ƙi fitowa ko ya fito a tsumbure. Shi ya sa a ƙasashe masu zafi irin tamu sai an fara ajiye shi makonni a firji. A lambun Keukenhof na Holan, dunƙule kusan miliyan 7 ake binnewa da hannu kowace kaka, sai Maris zuwa Mayu duniya ta yi cincirindo zuwa kallo.

Kin ga ke nan, wanda ya tono shi a Janairu don ɗoki ya yi biyu babu: ba fure, ba iri.

Ba na hana ki aure, aure sunna ne. Amma ki sanar da Umma halin da ake ciki, shi kuma ya turo magabatansa a sa rana bayan jarrabawa. In da gaske yake, wata bakwai kamar gobe ne. In kuwa ya ce ba zai iya jira ba, to ki gode wa Allah da ya nuna miki halinsa tun kina gidanku.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti