Wayar Tauraron Ɗan'adam: Wa Ta Wajaba a Kansa, Wa Ta Zame wa Israfi?

Tun daga shekarar 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka buɗe layukan wayar salula a Nijeriya, jama'ar ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran mutanen karkarar Kano, suka shiga wani zama na tsaka-tsaki, wanda ba a ce sun sami sadarwa cikakkiya ba, ba a kuma ce an hana su ita ba. Domin kuwa duk wanda ya sauka daga kwalta ya nausa ƙauyukan da ke kewayen Balan ko Toranke ya san akwai gidan da sai an rataye waya a wata ƙusa da kowa ya sani sa'an nan kira ke shigowa, akwai kuma kwarin da in manomi ya gangara cikinsa ya yi sallama da sabis sai ya hauro tudu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji mai hali yana shawarar sayen wayar tauraron ɗan'adam, wadda jama'a suka fi sani da sunan Thuraya, da niyyar ya huta da neman sabis gaba ɗaya. Ra'ayina a kan wannan mas'ala shi ne, wayar nan israfi ce ga mazaunin Balan, alhali kuwa ga ayarin da zai ratsa Sahara ta kai matsayin farilla ta kifaya, wadda in ɗaya ya ɗauka ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari duka sun yi sakaci.

Ya kamata a fara da sanin yadda abin yake aiki, don hukunci a kan abu yana bin fahimtarsa. Wayar salula tana magana ne da ƙarfen sabis da ke kusa da ita, ita kuwa wannan tana aika muryar mai ita kai tsaye zuwa tauraron da ke sararin samaniya, shi kuma ya sauko da ita wata tasha a ƙasa, daga nan a haɗa ta da layin wanda ake kira. Sharaɗinta shi ne ta ga sama. Ba ta aiki a cikin ɗakin soro, ko ƙarƙashin kwanon rufi, ko gindin babbar tsamiya mai duhuwa. Sai mutum ya fito fili, ya zaro eriya, ya tsaya cik yana jira ta kama tauraro. Wanda ya yi tunanin zai kishingiɗa a zaure yana cinikin gyaɗa da ita, lalle bai san abin da zai saya ba.

Manyan kamfanonin da ake magana a kansu uku ne. Iridium na Amurka, wanda ya fara aiki a 1998, yana da taurari 66 masu kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 780, shi ya sa babu wani yanki na doron ƙasa da bai rufe ba, sai dai wayarsa takan kai dala 1,000 ko ta haura. Inmarsat, wanda aka kafa a 1979 domin jiragen ruwa, da Thuraya na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda ya harba tauraronsa na farko a shekarar 2000, su taurarinsu suna can nesa, wajen kilomita 36,000 daga ƙasa, suna tafiya daidai da juyawar duniya, ta yadda mai kallo daga ƙasa zai ɗauka a tsaye suke wuri guda. Daga ƙasar Kano, tauraron Thuraya yana gabas ne da ɗan karkata kudu, can ake fuskantar da eriya. Ga matafiyin da iyakarsa Agadas, ko Tamanrasset, ko Sabha, Thuraya ta wadatar, ta fi araha, kuma ita ce direbobin wannan hanya suka saba da ita, wanda hakan ba ƙaramin abu ba ne, domin kira tsakanin wayoyin kamfani ɗaya ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba bisa kira zuwa na wani kamfani. Biyan kuɗin Iridium saboda tana aiki a ƙarshen duniya inda ƙanƙara ta lulluɓe, ga mutumin da ba zai wuce Libiya ba, ƙari ne marar fa'ida.

To, ina dalilin cewa ta wajaba a kan ayari? A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutane 92 a cikin hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata, galibinsu Hausawa daga yankin Kance na jihar Damagaram, waɗanda motocinsu suka lalace, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta gama da su. Allah Ya jiƙan su. Abin lura a nan shi ne, ƙishirwa ba ta kisa farat ɗaya. Takan ɗauki kwanaki, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne ake iya kai ɗauki, muddin labari ya isa ga wanda zai iya tashi, tare da bayanin ainihin wurin da ake. Wayar Thuraya tana gane matsayinta a taswira da kanta, tana kuma iya tura lambobin wurin a gajeren saƙo, wanda ya fi dogon bayani amfani a cikin hamadar Tenere, inda babu gari, babu bishiya, babu wata alama da za a kwatanta. Malamanmu sun lissafa kiyaye rai a cikin larurorin da shari'a ta zo don tsare su, sun kuma karantar da mu cewa riƙon sababi ba ya warware tawakkali. A zamanin fatake ba kowa ne ke sanin rijiyoyi ba, madugu da jagaba su ke ɗauke da wannan nauyi a madadin ayari. Haka nan a yau direban da ya karɓi kuɗin mutane ya loda su a bayan Hilux, shi ya kamata a tambaya ina wayarsa, kamar yadda ake duba jarkokin ruwansa da tayar safayarsa, kuma ɗan ci-rani daga Gaya ko Ajingi yana da haƙƙin ya ga wayar da idonsa, a kunne, kafin ya biya.

Amma fa mallakar wayar ba ita ce ƙarshen magana ba, kuma nan ne mafi yawan masu saye ke tuntuɓe. Katin da ake zuba mata yana da wa'adi, in ya wuce kuɗin ya tafi, har layin ma yana iya mutuwa; batirinta yana buƙatar caji daga mota ko farantin hasken rana; lambarta kuwa, wadda ke farawa da +88216, in aka kira ta daga layin gida na yau da kullum tana cinye kati cikin ƙanƙanin lokaci, har iyali su kasa neman mutuminsu. Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne, wa za a kira? Wayar da babu amintaccen mutum a ɗaya gefen, wanda ya san ranar tashi, da hanyar da aka bi, da ranar da ya kamata a ji labari, da kuma ƙofar da zai ƙwanƙwasa in ya ji shiru, ba ta da maraba da dutse a aljihu. Wajibi ne a daidaita wannan tun a gida, a kuma gwada kira sau ɗaya a fili kafin a bar Damagaram.

Sai mas'alar hukuma, wadda ya kamata a ce ita aka fara dubawa tun kafin farashi. Wani zai kawo hujja da abin da ya faru a Zamfara a watan Satumban 2021, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, inda aka rufe layukan waya saboda yaƙi da 'yan bindiga, ya ce ashe mai Thuraya shi ne ya tsira. Hujjar tana da kyau a baki, amma tarihi ya nuna akasinta: bayan an ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013 aka kuma katse layuka, sojoji a Borno sun haramta amfani da Thuraya a watan Yuni na wannan shekara, bisa dalilin cewa masu tayar da ƙayar baya suna amfani da ita. Watau lokacin da mutum ya fi jin yana buƙatarta, shi ne lokacin da ganinta a jakarsa a shingen bincike zai jefa shi cikin tuhuma. Haka kuma masu zuwa Indiya neman magani su sani cewa ƙasar ta haramta shiga da Thuraya da Iridium ba tare da izini ba, kuma ana kama matafiya a filayen jirgin sama a kan haka. Mai hankali zai riƙe rasidin saye da shaidar sana'arsa, ya yi rajistar layin da sunansa, ya kuma nemi sanin ƙa'idar kowace ƙasa daga jami'anta kafin ya tsallaka iyaka.

Idan muka dawo gida, mutumin da tafiyarsa ba ta wuce kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis ba, in ya zuba ɗaruruwan daloli a wannan waya, ya zama kamar wanda ya sayi raƙumin azalai don ɗebo ruwa a rijiyar ƙofar gida. Layi biyu na kamfanoni daban-daban sun ishe shi. Matsalarsa ta ƙarancin ƙarfen sabis ce, kuma maganinta yana hannun hukuma, domin dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, USPF, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta NCC, don kai sadarwa yankunan da kamfanoni ba su ga riba ba. Mace mai naƙuda a ƙauye cikin dare ba wayar dala take buƙata ba, sabis take buƙata da zai kai kiranta ga mai mota.

Don haka nake kira ga hakimai da dagatai, da shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, da wakilanmu a majalisun Kano da Abuja, su tattara sunayen ƙauyukan da sabis bai wadata ba, su kai su gaban NCC a rubuce, su kuma bi sawu. Shugabannin tashoshin mota kuwa, daga Kano har Agadas, kada su bar motar da za ta shiga hamada da fasinja ta tashi sai an ga wayar tauraro mai caji da kati a hannun direbanta.