Zanen da ke riga tubali

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Zanen da suke nufi shi ne adon da ake yi wa bango tun yumɓu na ɗanye, irin wanda ke ƙawata ƙofofin gidajen Birni a Damagaram. Amma akwai wani zanen da ya riga wannan, wanda ake yi tun ba a kwaɓa ƙasa ba.

Maginin gargajiya ba ya riƙe alƙalami. Yakan tsaya a fili, ya ja layi da ƙafa ko da sanda: nan zaure, nan ɗaki, nan turaka. Mai gida yana biye da shi, yana shiga ɗakin da ba a gina ba tukuna. In ya ga ya yi ƙunci, sai a share da tafin ƙafa a sake. Gyaran da zai ci kuɗi bayan an ɗora azara, a nan kyauta ne.

Cikin wannan al'ada Falke Barmu ya tashi. Shi ya gina masallacin Juma'a na Yama, cikin jihar Tawa, a 1962. Daga 1975 ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa, ya tayar da hasumiya huɗu, kowace da kamarta, aiki ya ƙare a 1982. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan.

Yau zane ya koma takarda da kwamfuta, kuma ya zo da amfaninsa: yana ƙididdige ƙarfe da siminti, yana zama shaida ranar da aka yi gardama da ɗan kwangila, iska kuma ba ta share shi. Illarsa ɗaya ce. Mai gida da yawa na sa hannu kan abin da bai iya karantawa ba. Sai bango ya kai kafaɗa sannan uwargida ta ga an sa mata madafa inda hayaƙi zai cika ɗaki.

Saboda haka ya kamata masu zanen gini su riƙa sauko da takardarsu ƙasa. A kafa turaku, a ja igiya, a zuba toka bisa layi, iyali su zagaya su faɗi ra'ayinsu. Bayan haka sai a kira masu haƙa tushe.