NAZARI: Ƙwayoyin gadon da suka haɗa amosanin gaɓɓai da taɓin hankali

A shekarar 1936 wasu likitoci biyu a Amurka, Nissen da Spencer, suka lura cewa da wuya a samu amosanin gaɓɓai irin na rumatoyid a cikin majinyatan asibitocin ƙwaƙwalwa. Binciken da ya biyo baya ya yi ta nuna haka, musamman ga masu sikizofireniya, larurar da ke sa mutum jin muryoyin da babu su, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun kusan mutum ɗaya cikin 300. Rumatoyid kuwa ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓɓan mai ita. Me ya haɗa gaɓa da ƙwaƙwalwa?

Amsar ta fara bayyana a 2014, sa'ad da wata gamayyar masana ta duba ƙwayoyin gadon masu sikizofireniya kusan 37,000, ta gano wurare 108 da ke da hannu a larurar. Wurin da ya fi kowanne ƙarfi yana kan kuromozom na 6, a yankin da ke kula da garkuwar jiki. A nan ne kuma ƙwayar HLA-DRB1 take, wadda ita ce kan gaba wajen gadon rumatoyid.

A 2016 tawagar Steven McCarroll da Beth Stevens ta Jami'ar Harvard ta nuna cewa wata ƙwayar garkuwa mai suna C4 ce ke da babban kaso na wannan tasiri. Aikinta a jini shi ne yi wa ƙwayoyin cuta da tarkacen jiki alama domin a share su. A ƙwaƙwalwa kuma tana taimakawa wajen sassabe mahaɗun jijiyoyi, aikin da ke tsananta a shekarun samartaka. Masanan na ganin idan nau'inta na C4A ya yi yawa, sassaben kan wuce kima, kuma a daidai waɗannan shekaru ne larurar ta fi ɓullowa.

A 2020 aka gano cewa nau'o'in C4 da ke ƙara haɗarin sikizofireniya su ne kuma ke rage haɗarin lufus, wani ciwon garkuwa da ke taɓa gaɓɓai da fata da ƙoda. Sai dai alaƙar ba ta fuska ɗaya ba ce. Wani nazari na 2011 a Denmak ya nuna cewa cututtukan garkuwa a dunƙule na ƙara haɗarin sikizofireniya da kashi 29 cikin 100.

Binciken 2020 na ɗauke da darasi ga Afirka. A jikin Turawa, ana gadon C4 ne a haɗe da ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da ita, har ba a iya tantance wacce ce mai laifi. Sai da aka kawo bayanan baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda tsarin gadonsu ya fi bambanta, sannan aka raba gardama. Duk da haka, ƙididdigar 2019 ta nuna kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi irin wannan bincike a kansu Turawa ne, masu asali da Afirka kuwa kusan kashi 2 kacal. Babban binciken gadon taɓin hankali na NeuroGAP ya tattara samfura ne a Habasha da Kenya da Uganda da Afirka ta Kudu. Afirka ta Yamma ba ta ciki.

Ga Najeriya, wannan giɓi ya wuce batun ɗakin gwaji. A 1968 Brian Greenwood ya rubuta daga Ibadan cewa cututtukan garkuwa ba su da yawa a tsakanin 'yan ƙasar, ya alaƙanta hakan da zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka. Yau likitocin ƙasar na ganin lufus da rumatoyid a asibitoci, kuma lufus na iya taɓa ƙwaƙwalwa har mai shi ya rikice. Matashiyar da ke fama da ciwon gaɓɓai da ruɗewar tunani na iya samun sauƙi da maganin lafar da garkuwa, muddin an gano ciwon. In ba a gano ba, tana iya ƙarewa cikin mari, kamar dubban mutanen da ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ana ɗaurewa a ƙasar, a rahotonta na 2019.

Akwai kuma haɗarin mummunar fahimta, a al'ummar da binciken aure kan tono taɓin hankali a dangi. Zuwa 2022 wuraren gadon da aka gano sun kai 287, tasirin kowannensu ƙanƙane ne. Babu gwajin jini da zai faɗi wanda zai kamu, kuma ko a tagwaye masu kama ɗaya, sau da yawa ɗaya kan kamu ɗaya ya tsira.

A Janairun 2023 Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958. Abin da ya rage masu zaɓe su tambayi 'yan majalisa shi ne nawa aka ware domin horar da likitocin gaɓɓai da na ƙwaƙwalwa, da gwajin garkuwa a asibitocin jihohi, da kuma binciken gado da masanan ƙasar za su jagoranta da kansu.