Wa ke duba mai ciwon daji bayan an sallame shi?

Ya Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba a cika tunawa da su ba, wato waɗanda suka yi jinyar ciwon daji, Allah Ya tashi kafaɗarsu, aka sallame su suka dawo ƙauye.

Duk sanda aka ɗauko zancen ciwon daji, wato kansa, a rediyo, maganar injin gashi ake yi, da tsadar allurar kemo, da cibiyar kansa da aka gina a Giginyu. Ba laifi, duk abin buƙata ne. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna kusan mutum 128,000 ne suka kamu a Nijeriya a shekarar, kusan 80,000 kuma suka rasu. Waɗanda suka tsira fa, ina suke? Suna nan cikinmu, a Zoza da Fulatan da Zarewa da ƙauyukan Ƙaraye, suna noman rake da masara, suna aurar da 'ya'ya.

Mu da muke bakin iyakar Kaduna da Katsina, mai wannan ciwo ko dai ya nufi Shika a Zariya, ko Asibitin Malam Aminu Kano. Kafin a gama jinya an sayar da sa, wani har gona. Daga nan sai a ce ya riƙa dawowa bayan wata uku, can gaba bayan wata shida. Tsakanin wannan ganin likita da na gaba, duk abin da ya taso, malamin asibitin sha-ka-tafi ne zai gan shi, ko ungozoma, ko likitan babban asibitin Rogo ko na Ƙaraye. Su ne likitocin mai wannan larura na yau da kullum, amma yawanci ba a sanar da su abin da aka yi masa.

Na gani a gidanmu. Goggona an cire mata mama ɗaya, aka kuma cire kaluluwar hammata. Bayan ta dawo, hannun wannan ɓangaren ya kumbura har awarwaro ya ƙi fita, ba ta iya ɗaga taɓarya. Mata suka ce sammu ne, wasu suka ce a kira wanzami ya yi ƙaho. Muka kai ta wani ƙaramin asibiti. Malamin, yaro mai hankali, ya ce, "Goggo, ina takardar da aka ba ki?" Ta kwance bakin zani ta fito da kati, ba komai a jiki sai lamba da ranar komawa. Bai san aikin da aka yi mata ba, bai san allurar da aka yi mata ba. Ashe irin wannan kumburi sananne ne bayan cire kaluluwa, ruwa ne yake taruwa. Ana sarrafa shi da motsa hannu, da ɗauri na musamman, da kiyaye fata daga rauni. Da an yi ƙahon nan, da ƙwayar cuta aka buɗe wa ƙofa.

Sai ƙwayar Tamoxifen, wadda ake ba mata da yawa su sha kullum na aƙalla shekara 5 don rage haɗarin dawowar ciwon. Mace ta ji ƙarfin jikinta, kuɗi kuma ya yi wuya, sai ta daina. Ba wanda zai lura sai malamin da take kawo wa jikanta rigakafi. Shi ne kuma ya kamata ya san cewa zubar jini ga mai shan wannan ƙwaya, musamman wadda ta daina al'ada, ba abin a ba da magani a ce a koma gida ba ne. Haka ciwon baya ko na ƙashi da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da tarin da ya daɗe, da rama ba dalili, da sabon ƙullutu a kan tabon aiki. A nan wajenmu, in ba a yi sa'a ba, sai a yi ta maganin taifod da maleriya har lokaci ya ƙure. Wasu magungunan kemo kuma suna taɓa zuciya, don haka awon jini da na suga ga irin waɗannan mutane ba na ganin dama ba ne.

Akwai kuma abin da ba a aunawa. Har yanzu ana cewa daji ba ya son allura, wasu mazan kuma suna juya wa matansu baya bayan aiki. Maganar malamin asibitin da ake sallah sahu ɗaya da shi tana shiga kunnen maigida fiye da ta farfesan da ya gani na minti biyar.

Tun 2014 Dokar Lafiya ta Ƙasa ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don lafiya a matakin farko. A 2023 kuma aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa, kuma ma'aikatan ƙananan asibitocin nan ne suka yi aikin. Ke nan an riga an yarda da su a kan harkar kansa.

Roƙona ga manyan asibitocinmu, kada a sallami kowa sai da takarda shafi ɗaya: ga ciwon, ga abin da aka yi, ga maganin da zai ci gaba da sha da ranar dainawa, ga alamomin da za a maido shi cikin gaggawa, ga lambar wayar da za a ɗaga in an kira. A rubuta ta da Turanci da Hausa. Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Kano da cibiyar binciken kansa ta ƙasa, NICRAT, kuma su shirya wa ma'aikatanmu bita a kan wannan, a kawo ta Rogo ko Ƙaraye, kada a tsaya da ita a otal cikin birni.



Wani mai karatu,
Zoza, Ƙaramar Hukumar Rogo, Jihar Kano.