Cinikin tsohuwar kwamfuta a Kongo: Sirrin jama'a ne gyara

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa manhajar Windows 10 kulawar tsaro ta kyauta, bayan shekara 10 da fitowarta. Magajiyarta, Windows 11, ba ta hawa bisa ƙa'ida kan galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018, kuma tun a ƙarshen 2023 kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasin cewa sauyin zai iya sa a yi watsi da kwamfutoci kimanin miliyan 240 a duniya. Ba duka za su ƙare a bola ba. Wasu za su bi tsohuwar hanyar da aka saba, daga kwantena a tashar jiragen ruwa ta Legas zuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja, daga nan su hau manyan motoci zuwa Titin Beirut a Kano, da Kaduna, da Zariya. A cikin gida ma bankuna da ma'aikatu da ɗaiɗaikun mutane za su sauya nasu. Ke nan tsofaffin kwamfutoci za su riƙa sauya hannu fiye da yadda aka saba, kuma kowace ɗaya tana tafiya ne da abin da ke cikinta.

Unguwar Kongo da ke yankin Tudun Wadan Zariya wuri ne da ya dace a kalli wannan al'amari. A nan harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta biyu take, inda ake karatun shari'a da na harkokin mulki. Tushenta makarantar horar da akawu ce da aka buɗe a ƙarshen shekarun 1940, wadda ta zama Cibiyar Nazarin Harkokin Mulki a 1954, ta kuma shiga cikin jami'ar lokacin da aka kafa ta a 1962. Ma'aikatan En'e da na Gwamnatin Jihar Arewa da dama a nan suka koyi yadda ake buɗe fayil, da wanda ya cancanci ganinsa, da yadda ake rufe shi. Har gobe ma'aikatan gwamnati na zuwa ƙaro ilimi. A kewayen harabar kuwa, daga bakin ƙofa har zuwa Gyallesu, shagunan buga takardu ne da na gyaran kwamfuta da na rajistar intanet. Ɗalibin da ya kammala yakan sayar da kwamfutarsa ya haɗa kuɗin tafiya hidimar ƙasa. Ma'aikacin da albashi ya gaza kai shi ƙarshen wata yakan yi haka nan. Mai shago ma, idan injinsa ya fara nauyi, sai ya ba da shi ya yi ciko ya karɓi wani.

A duk wannan ciniki, abin da ake tayawa shi ne ƙarfin batir, da girman ma'adana, da lafiyar allo. Da wuya a ji mai saye ko mai sayarwa ya tayar da zancen abin da ke rubuce a ciki. Wanda ya yi ƙoƙari shi ne wanda ya goge hotunansa, ya zubar da kwandon shara na kwamfutar, ko ya bai wa mai gyara ya yi mata abin da ake kira fomatin cikin 'yan mintuna. Daga nan sai hankalinsa ya kwanta.

Bai kamata ya kwanta ba, kuma duk wanda ya taɓa aiki a ofishin rajista zai gane dalili. Kwamfuta tana da littafin da take rubuta sunan kowane fayil da kantar da yake. Idan aka ce ta goge fayil, sunan kawai take sokewa daga littafin, ta ɗauka cewa gurbin ya zama fanko. Fayil ɗin yana nan kan kanta har ranar da wani sabo zai zo ya hau kansa. Fomatin na gaggawa kuwa daidai yake da yage littafin gaba ɗaya a kawo sabo, alhali ɗakin ajiya cike yake maƙil. Manhajoji irin su Recuva da PhotoRec, waɗanda ake saukewa kyauta, aikinsu shi ne su shiga ɗakin su bi kanta-kanta ba tare da littafin ba. An yi su ne don ceton wanda ya goge aikinsa bisa kuskure, kuma masu gyara da yawa suna cin abinci da su ta hanyar halal. Sai dai manhaja ba ta tambayar ko wanda ke zaune gabanta shi ne mai fayil ɗin.

Wannan ba sabon sani ba ne. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka wallafa sakamakon tsofaffin faya-fayan ajiya 158 da suka saya a kasuwa. Guda 129 suna aiki, kuma 12 kacal aka share yadda ya kamata. A sauran sun tono lambobin katin banki sama da 5,000, da bayanan asibiti, da wasiƙun mutane. Ɗaya daga cikin faya-fayan ma daga na'urar cirar kuɗi ya fito. Shekara biyu bayan haka, ƙungiyar Basel Action Network ta zo Legas, ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki ne ke sauka duk wata, ta kuma sami takardun hukumomin Amurka da na Bankin Duniya a faya-fayan da ta saya. A 2006 BBC ta nuna yadda ake samun bayanan asusun bankin mutanen Birtaniya a Legas kan kuɗin da bai kai fam 20 ba. A 2009 ɗaliban aikin jarida na wata jami'ar Kanada suka sayi faifai a Ghana kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilar tsaro na kamfanin Northrop Grumman.

A wancan zamani labarin na Turawa ne: sirrinsu ne ke zuba a kasuwannin Afirka ta Yamma, domin ɗan Najeriya bai da wani abin kirki a cikin kwamfuta. Yanzu al'amarin ya juya. An ƙaddamar da lambar BVN a 2014. A Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, kuma daga 2021 hukumar JAMB ta sa NIN cikin sharuɗɗan rajista. Albashi, da haraji, da rajistar kamfani, da neman aiki, da biyan kuɗin makaranta duk sun koma intanet. Mutumin da a da sirrinsa ke cikin adaka a ƙuryar ɗaki, yau hoton katinsa da sa hannunsa da lambar asusunsa suna warwatse a injinan da bai san adadinsu ba.

Nan ne gizo ke saƙar. Kwamfutar ɗalibi sirrin mutum ɗaya ko iyali ɗaya take ɗauke da shi, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna irin ɓarnar da hoton cikin gida ke yi in ya fita waje. Amma kwamfutar shagon buga takardu taskar unguwa ce. A kanta aka ɗauki hoton takardar NIN ta ɗaruruwan mutane, da sakamakon jarrabawa, da takardar haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma. A kanta aka buga yarjejeniyar sayar da fili, da takardar rantsuwa ta kotu, da lissafin rabon gado, da wasiƙar neman rance. Akwai kuma waɗanda suka buɗe imel ɗinsu a kanta, suka amsa wa manhajar shiga intanet cewa ta riƙe musu kalmar sirri, ko suka haɗa WhatsApp ɗinsu don tura takarda suka tashi ba su cire ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ake shawarta ranar da mai shago zai sayar da injin. Mai shagon ba mugu ba ne. Shi dai ƙarfe ya sayar, bai san ya ɗora amanar jama'a a kai a matsayin gyara ba.

Kwamfutar ma'aikacin gwamnati ita ma haka take, ko ta fi. Saboda ƙarancin kayan aiki a ofisoshi, akawu da jami'an mulki da yawa da injinsu na kansu suke aiki. Jerin sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu, da takardun ladabtarwa, da daftarin kasafi suna kwana a gida tare da hotunan biki. Ma'aikacin ya yi rantsuwar riƙe sirri, kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram, amma ba ya kallon sayar da kwamfutarsa a matsayin fitar da fayil daga ofis. Ɗan kasuwa kuma littafin bashinsa ne a ciki, da sunayen masu kawo masa kaya, da farashin da yake sari. Abokin hamayya zai biya fiye da kuɗin injin don ya ga wannan.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan wasu alhakin tsare su, da kuma kada ya ajiye su fiye da lokacin da ake buƙata. Ta tanadi a sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Tarar ƙaramin mai riƙe da bayanai na iya kai Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa, ta manya kuma Naira miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Hukumar, ƙarƙashin Dokta Vincent Olatunji, ta nuna tana da haƙora a kan manya: ta sanar da tarar Naira miliyan 555.8 kan bankin Fidelity a 2024, da sama da miliyan 766 kan MultiChoice a 2025. Dokar ta keɓe abin da mutum ya yi don amfanin kansa ko na gidansa, amma mai shagon da ke karɓar kuɗi yana sarrafa takardun jama'a bai shiga wannan rangwame ba. Matsalar ita ce hukumar da ke Abuja ba za ta taɓa jin labarin faifan da ya sauya hannu a Kongo ba. Wanda aka ci bashi da sunansa a manhajar rance, ko aka yi wa sojan gona aka karɓe layinsa, ba shi da hanyar gano cewa daga injin da ya yi rajista a kai shekara uku da suka wuce abin ya samo asali. Laifin da ba a iya bin sawunsa ba ya jin tsoron tara.

Manyan ma suna faɗawa. A Satumbar 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci bankin Morgan Stanley tarar dala miliyan 35, bayan ya damƙa tsofaffin na'urorinsa ga kamfanin jigilar kaya da bai san aikin share bayanai ba, aka yi gwanjon wasunsu a intanet da bayanan abokan hulɗa a ciki. Ya dace ma'aikatun da ke gwanjon kayan ofis a Najeriya su tambayi kansu ko kwamitin gwanjo yana bambanta kwamfuta da kujera.

Abin takaicin shi ne maganin ba shi da tsada. Lokaci kawai yake ci. A Windows 10 da 11 akwai zaɓin mayar da kwamfuta sabuwa, kuma a cikinsa akwai wani maɓalli na tsabtace faifai wanda ba ya kunne sai an kunna shi da hannu. Shi ne bambancin aikin minti 20 da na sa'o'i, kuma shi ne masu gaggawa ke tsallakewa. Ga tsohon faifai mai juyawa, wato HDD, cikakken fomatin ko manhaja irin DBAN tana rubuta sifiri a kan kowane gurbi, kuma zagaye ɗaya ya wadatar. Zancen sai an yi sau bakwai ko 35 ya zama tarihi. Sabon faifai na SSD halinsa daban ne, domin yana karkasa rubutu a guraben da manhajar gogewa ba lallai ta kai gare su ba. Shi ana amfani ne da umarnin sharewa na kamfanin da ya ƙera shi, ko a fara kulle shi da BitLocker kafin a mayar da injin sabo, ta yadda abin da ya saura zai zama tarkacen da ba ya karantuwa. Kafin duk wannan sai an kwashe abin da ake so, an fita daga asusun Google da na Microsoft, an kuma cire injin daga jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp.

Ga masu gyara da dillalan Kongo, wannan ƙofar ciniki ce da ba a buɗe ba. Dillalin da zai share faifai a gaban mai shi, sannan ya kunna manhajar tono fayil ya nuna masa babu abin da ya fito, ya sami abin da zai bambanta shi da maƙwabcinsa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya da kwamfuta, waɗanda tuni suka saba neman rasit da shaidar mai kaya don gudun sayen na sata, za su iya ƙara wannan cikin sharuɗɗansu ba tare da jiran wata hukuma ba. Wutar lantarki ce za ta zama cikas, tunda aikin sa'o'i yana nufin man janareta, kuma dole wani ya biya.

Wadda ta fi haɗari ita ce kwamfutar da ta mutu. Mai ita ba zai iya kunna ta ba balle ya goge komai, don haka yakan bar wa mai gyara ita a cire kayan gyara, ko ya miƙa wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Amma a mafi yawan lokuta allo ne ko uwar injin ta lalace, faifan lafiyarsa ƙalau, kuma ana iya zare shi a sa cikin ɗan akwatin USB a karanta shi a wata kwamfutar kamar filas. A galibin tsofaffin injinan HP da Dell da Lenovo da suka cika kasuwa, kusoshi kaɗan ne tsakanin mutum da faifansa. Mai shagon da injinsa ya mutu da takardun unguwa a ciki zai iya sayar da gangar jikin, ya riƙe faifan a aljihun tebur, ko ya sa a huda shi da injin huda ƙarfe a wurare uku ko huɗu. Idan SSD ne, sai an farfasa ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin da ke jikinsa ɗaya bayan ɗaya, domin huda gefe guda na iya barin sauran da rai.