Rumbun Gajimare da Hanyar Komawa Gida: Darasi Daga Arewacin Zamfara

A farkon watan Satumba na 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya da su rufe layukansu a faɗin Jihar Zamfara, a yunƙurin gwamnati na murƙushe 'yan bindiga. Gusau ta samu layi a watan Oktoba, amma Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi sun ƙara makonni babu waya babu intanet. Wannan lamari ya kamata ya zama ma'auni ga duk hukumar da ke tunanin yadda za ta tsare bayananta a yankin.

Cibiyoyi irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, da manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, suna riƙe da amanar jama'a: sakamakon ɗalibai, tarihin marasa lafiya, da lissafin albashi. Idan irin waɗannan bayanai suna cikin uwar garke guda, wato babbar kwamfutar da ke ajiye a ofis, gobara ko hari ko ɓarnar wutar lantarki na iya shafe aikin shekaru cikin dare ɗaya. Saboda haka hikima ce a riƙa tura kwafi zuwa gajimare, wato rumbunan kwamfutoci na nesa da ake isa gare su ta intanet, ta yadda aiki zai ci gaba daga can idan na'urar gida ta faɗi.

Sai dai tafiya gajimare rabin aiki ce. Ɗaya rabin, wanda aka fi sakaci da shi, shi ne dawowa. Duk abin da aka rubuta a gajimare lokacin matsala, tilas ne a kwafo shi zuwa na'urar da aka gyara, a dakatar da shigar da sabon bayani na ɗan lokaci, a tantance cewa ɓangarorin biyu sun daidaita, sannan a mayar da aiki gida. Idan aka tsallake wannan mataki, hukuma za ta wayi gari da kundi biyu masu saɓa wa juna, ɗalibi ya ci jarrabawa a ɗaya, sunansa ya ɓata a ɗayan.

Wasu na ganin a kwashe komai zuwa gajimare a huta. Abin da ya faru a 2021 ya isa amsa: rumbun da babu hanyar zuwa gare shi ba ya maganin yunwa. Matsalar kuma ba ta Zamfara kaɗai ba ce, domin a watan Maris na 2024 katsewar wayoyin ƙarƙashin teku ta gurgunta intanet a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama.

Abin da ya dace da yankin shi ne kwafi uku: ɗaya a na'urar aiki, ɗaya a faifan da ke wani gini dabam, ɗaya a gajimare. Kowace hukuma ta rubuta tsawon lokacin da za ta iya jure tsayawar aiki, da yawan bayanan da za ta iya asara, sannan ta riƙa gwada tafiya da dawowa tun ana zaman lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.